LITTAFIN ANUHU: YADDA FASSARA TA RAYA WANI TSOHON LITTAFI A ƘASAR HABASHA



Gabatarwa

Abin da za mu tattauna a kai yau tarihin wani littafi ne guda ɗaya, wanda aka rubuta a ƙasar Falasɗinu wajen shekara 2,000 da suka wuce ko fiye. Littafin ya ɓace wa Yahudawan da suka rubuta shi, ya kuma ɓace wa Girkawa da Rumawan da suka karanta shi bayansu, amma ya wanzu cikakke cikin wani harshe na Afirka, watau Gi'iz, harshen ibada na ƙasar Habasha. Sunansa Littafin Anuhu. Manufata ita ce mu bi sawunsa daga harshe zuwa harshe, domin mu ga cewa ran littafi a hannun mutum biyu yake, watau mai fassara da mai juyi, wanda ke sake rubuta littafi da hannu idan tsohon ya fara lalacewa.

Wane ne Anuhu?

Anuhu shi ne sunan da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya ba mutum na bakwai daga Annabi Adamu, kakan mahaifin Annabi Nuhu. Habashawa suna ce masa Henok, Larabawa kuwa Akhnukh. Babi na 5 na Littafin Farawa bai faɗi wani abu mai yawa game da shi ba, in ban da cewa ya rayu shekara 365, ya kuma kasance cikin kusanci da Ubangiji, sa'an nan aka ɗauke shi daga duniya. Malaman tarihi na Musulunci da dama, irin su Ɗabari da Ibn Kasir, sun ruwaito cewa shi ne Annabi Idrisu, wanda Alƙur'ani ya ambata a Suratu Maryam da Suratul Anbiya'i, wanda kuma ake cewa shi ya fara rubutu da alƙalami.

A nan wajibi ne mu bambance abu biyu, mutumin daban, littafin daban. Binciken masana ya nuna cewa waɗansu malaman Yahudawa ne suka rubuta littafin da harshen Aramiyanci, ɗan'uwan Ibrananci da Larabci, kashi-kashi, tun daga ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa har zuwa wajen ƙarni na 1 na Miladiyya, suka jingina shi ga Anuhu. Jingina littafi ga wani magabaci al'ada ce sananniya a wancan zamani. Tun da an ɗauke Anuhu zuwa sama, a ganinsu babu wanda ya fi shi cancantar ba da labarin abin da ke ɓoye a can.

Abin da littafin ya ƙunsa

Kamar yadda yake a Gi'iz, littafin yana da babi 108, ya kuma kasu kashi biyar. Kashi na farko, babi 1 zuwa 36, shi ne Littafin Matsara. Yana ba da labarin waɗansu 'yan sama 200 da suka saɓa umurni suka sauko a kan Dutsen Harmon, suka auri 'yan mata 'yan Adam, suka haifi ƙatti masu cinye duk abin da mutane suka noma. Ɗaya daga cikin shugabanninsu, mai suna Asa'el, shi ya koya wa maza ƙirar takobi da wuƙa da garkuwa, ya koya wa mata mundaye da kwalli da rini, waɗansu kuma suka koyar da sihiri da saiwoyi da duban taurari. Da ɓarna ta cika ƙasa sai aka yi hukunci da ruwan Ɗufana. Tambayar da ke ƙarƙashin labarin tsohuwar tambaya ce: daga ina mugunta ta shigo duniya, kuma shin kowane ilmi ne ya dace da hannun ɗan Adam?

Kashi na biyu, babi 37 zuwa 71, shi ne Misalai, inda ake maganar wani Zaɓaɓɓe da zai zauna a kan kursiyi ya yi wa sarakuna da masu ƙarfi shari'a. Na uku, babi 72 zuwa 82, lissafin rana da wata ne, inda mala'ika Uriyel yake nuna wa Anuhu ƙofofi shida a gabas da shida a yamma waɗanda rana ke bi. Shekarar da aka lissafa a nan kwana 364 ce, watau mako 52 cif, domin kowane idi ya riƙa faɗowa a rana ɗaya ta mako har abada. Na huɗu, babi 83 zuwa 90, mafarkai ne, inda aka ba da tarihin duniya da siffar dabbobi: Adamu farin bijimi ne, Bani Isra'ila tumaki ne, maƙiyansu kuwa namun daji da tsuntsaye masu farauta. Na biyar, babi 91 zuwa 108, wasiyya ce da gargaɗi, mai zafi ƙwarai a kan attajiran da ke danne talakawa.

Yadda ya ɓace

Malaman Yahudawa ba su sa Littafin Anuhu cikin jerin littattafansu masu tsarki ba, don haka asalinsa na Aramiyanci ya daina yawo. Amma kafin nan an riga an fassara shi da Girkanci. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa Yahudawan Iskandariyya suka fara mayar da Attaura zuwa Girkanci, saboda 'ya'yansu sun daina jin Ibrananci. Kiristocin farko sun karanta Anuhu na Girkanci, sun kuma girmama shi. Wasiƙar Yahuza ta cikin Sabon Alkawari, aya 14 da 15, daga babi na farko na wannan littafi ta ɗauko magana. Tartuliyan, malamin birnin Kartaj a Tunisiya ta yau, ya kāre littafin wajen shekara ta 200, har yana cewa mai yiwuwa ne Annabi Nuhu ya tsirar da koyarwar kakansa daga ruwan Ɗufana.

A ƙarni na 4 da na 5 sai ra'ayi ya juya. Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki da Latinanci, ya ƙidaya Anuhu cikin littattafan da ba a dogara da su, har ya ce mutane da yawa suna shakkar Wasiƙar Yahuza kanta saboda ta ɗauko daga gare shi. Agustin, babban malamin birnin Hippo a Aljeriya ta yau, shi ma bai yarda da shi ba, musamman labarin auren 'yan sama da 'yan Adam. To, littafi a wancan zamani ba sai an ƙone shi yake mutuwa ba. Takardarsu ta ciyawar bakin Nilu ce ko ta fata, kuma gara da danshi ba su barin ko wacce. Da masu juyi suka ɗauke alƙalaminsu daga kansa, sai ya yi ta ruɓewa a hankali. Abin da ya saura a hannun Turawa 'yan guntaye ne da wani ruhubani na Kustantiniyya, Jorjiyus Sinkelus, ya kwafa cikin littafinsa na tarihi wajen shekara ta 800.

Aksum da harshen Gi'iz

Yanzu sai mu juya kudu, zuwa daular Aksum, wadda ta mamaye arewacin Habasha da Eritiriya ta yau. Daula ce ta fatauci, tana da tashar jiragen ruwa a Adulis a bakin Bahar Maliya, tana kuma buga kuɗinta na zinariya da rubutun Girkanci. A farkon ƙarni na 4 aka kama wani jirgi a wannan gaɓa, aka kai wasu samari biyu mutanen birnin Taya fadar sarki. Ɗayansu, Furumentiyus, ya zama amintaccen fada, daga baya ya tafi Iskandariyya inda Atanasiyus ya naɗa shi bishof na farko na Aksum. Habashawa suna kiransa Abba Salama. Sarki Ezana ya karɓi addinin Kirista wajen shekarun 330 zuwa 340, shaida kuwa tana kan kuɗinsa, inda alamar gicciye ta maye gurbin jinjirin wata da faifan rana.

A daidai wannan zamani ne rubutun Gi'iz ya sami wasula. Da can baƙaƙe kaɗai ake rubutawa, sai aka ɗan sauya surar kowane baƙi don ya nuna wasalin da ke bin sa. Baƙi 26 ne, kowanne da sura bakwai, ana kuma rubutawa daga hagu zuwa dama. Tsakanin ƙarni na 4 da na 6 aka fassara Littafi Mai Tsarki daga Girkanci zuwa wannan harshe. Rubuce-rubucen Sarki Kaleb a kan dutse, na wajen shekara ta 525, suna ɗauke da ayoyin Zabura da Gi'iz. Haka kuma Linjilar da ke gidan ruhubanawa na Abba Garima kusa da Adwa, gwajin kimiyya da aka yi wa fatarta ya nuna an rubuta ta tsakanin shekara ta 390 da 660, watau tana cikin tsofaffin Linjila masu zane a duniya duka.

Masu fassarar Aksum, waɗanda tarihi bai adana sunayensu ba, sun fassara abin da suka tarar a hannun Kiristocin Masar na lokacin, har da Littafin Anuhu. Da Iskandariyya da Rum suka yar da shi, Habasha ba ta bi su ba. Ikilisiyar Habasha tana lissafa littattafai masu tsarki 81, Anuhu yana cikinsu, kuma Yahudawan Habasha da ake kira Beta Isra'el su ma sun riƙe shi. Ba shi kaɗai ba ne kuwa, domin Littafin Jubili, wanda suke kira Kufale, da Hawan Ishaya zuwa Sama, su ma a Gi'iz kaɗai suka wanzu cikakku.

Wannan harshe ba baƙo ba ne a gare mu ƙwarai. Habasha ita ce ƙasar da Sahabbai suka yi hijirar farko zuwa gare ta a shekara ta 615, Najashi ya ba su mafaka. Imam Suyuɗi, a cikin Al-Itƙan, ya kawo ruwayoyin magabata game da kalmomin da aka ce asalinsu na Habasha ne, irin su mishkat. Masana harsuna kuma suna ganin kalmomin da muke cewa mus'hafi da mumbari daga Gi'iz suka shiga Larabci, sa'an nan suka iso Hausa. Sunan littafinmu ma a can Mas'hafa Henok ne.

Aikin masu juyi

Fassara ta tsallakar da littafin, amma juyi ne ya riƙe shi. Gi'iz ya daina zama harshen magana wajen ƙarni na 10, ya koma harshen coci da karatu, Amharanci da Tigirinya suka gaje shi a bakin jama'a. Duk da haka ruhubanawa ba su ajiye alƙalami ba. Sukan jeme fatar akuya su kankare ta har ta yi laushi, su ja layi da tsinke, su fere alƙalamin gora, su haɗa baƙar tawada da kunkunniya da ƙaro, su keɓe jar tawada don sunayen Ubangiji da na tsarkaka. In an gama a ɗinke tsakanin alluna biyu na katako, a sa cikin jakar fata mai maɗauki, wadda duk wanda ya san gafaka zai gane ta nan take. Suna da kuma tafsirinsu da ake kira andemta, inda malami kan karanta Gi'iz ya fassara da Amharanci, ya jero ra'ayoyi ɗaya bayan ɗaya, kamar dai yadda malaminmu na zaure kan ce wa ƙila, an ce kuma.

Littafin ya sami masu suka a Habasha ma, amma Sarki Zar'a Yaƙob, wanda ya yi mulki daga 1434 zuwa 1468, ya tsaya masa, kuma littafin Mas'hafa Milad na zamaninsa ya ɗauko dogayen sassa daga cikinsa. Daga 1529 zuwa 1543 yaƙe-yaƙen Imam Ahmad Giraɲ suka ci majami'u da littattafai masu yawa. Abin da ya tsira shi ne wanda ke tsibiran Tafkin Tana, ko bisa tsaunuka irin su Debre Damo, inda ba a hawa sai da igiyar fata. Tsofaffin kofen Anuhu da ke hannu a yau na ƙarni na 14 da na 15 ne, watau tsakaninsu da fassarar farko akwai shekara ɗari takwas ko fiye na hannu yana karɓa daga hannu.

Komawarsa Turai

Tun ƙarni na 16 Turawa suke jin ƙishin-ƙishin cewa littafin yana Habasha. A ƙarni na 17 wani masani Bafaranshe, Peiresc, ya sami wani littafin Gi'iz da aka ce masa shi ne, sai daga baya Hiob Ludolf, Bajamushe, ya duba ya tarar wani littafi ne daban. Gani ya kori ji a shekara ta 1773, sa'ad da James Bruce, mutumin Sikotlan da ya je Gondar neman mafarin Nilu, ya koma Turai da kofe uku. Ya ba ɗakin karatu na Sarkin Faransa ɗaya, ya ba na Jami'ar Oksfod ɗaya, ya riƙe ɗaya. Sai da aka yi kusan shekara 50 kafin Richard Laurence ya fassara shi da Ingilishi a 1821. August Dillmann ya buga matanin Gi'iz daga kofe 5 a 1851, R. H. Charles kuma ya sake bugawa daga kofe 23 a 1906.

Ya kamata a san inda waɗansu daga cikin waɗannan kofe suka fito. A 1868 sojojin Ingila suka ci Maƙdala, sansanin Sarki Tewodros, suka kwashe littattafan da ya tara, aka kai wajen 350 Gidan Tarihi na Birtaniya a London. Ilmin Turai game da Gi'iz ya ƙaru ƙwarai da wannan ganima, amma ganima dai ganima ce, kuma Habasha ta sha neman a mayar mata da kayanta.

Ranar da aka gwada fassarar

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 babu abin da za a auna fassarar Gi'iz da shi sai 'yan guntaye kaɗan, irin na Sinkelus. Sai ƙasa ta fara fito da shaidu. A 1886 zuwa 1887 aka tono wani kabari a Akhmim a Masar, aka sami babi 1 zuwa 32 da Girkanci. A 1937 aka buga wasu tsofaffin takardu na ƙarni na 4 masu ɗauke da babobin ƙarshe. A 1947 makiyaya suka gano tuluna cike da naɗaɗɗun littattafai a kogunan Ƙumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1952 kuma aka sami kogo na huɗu, inda aka tarar da guntayen kofe 11 na Anuhu da Aramiyanci, harshensa na asali. Mafi tsufansu na wajen shekara 200 ne kafin haihuwar Annabi Isa. J. T. Milik ya buga su a 1976.

Me aka gani da aka jera su? Abu uku. Na farko, a Littafin Matsara da mafarkai da wasiyya, Gi'iz ya riƙe labarin da ma'anarsa gwargwadon da ya ba masana mamaki, ko da yake fassarar fassara ce, kuma akwai sunaye da suka jirkice da kalmomi da suka zame. Na biyu, kashin lissafin rana da wata ya fi tsawo a Aramiyanci, abin da ke Gi'iz taƙaitawa ce. Na uku, ba a sami ko guntu ɗaya na Misalai a Ƙumran ba, aka kuwa sami wani Littafin Ƙatti wanda babu shi a Gi'iz. Wannan ya sa Milik ya ce an rubuta Misalai wajen shekara ta 270 Miladiyya, amma yawancin masana ba su bi shi ba, suna kai su kusa da zamanin Annabi Isa. Ko yaya dai, babi 35 ɗin nan babu mai shaidarsu a duniya sai Gi'iz.

Akwai kuma wani abin lura. Guntayen Ƙumran ƙanana ne, waɗansu ba su wuce faɗin yatsa biyu ba, kuma kaɗan ne daga cikin littafin. Da fassarar Habasha Milik ya gane su, da ita ya san inda kowane guntu zai zauna. Ashe fassarar da aka zo gwadawa ita ce ta zama jagorar karanta asalin. Gaskiyar Bahaushe da ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Kammalawa

Jama'a, abin da wannan tarihi ya nuna shi ne littafi yana rayuwa muddin akwai al'ummar da ke karanta shi cikin harshen da ta riƙe, tana kuma ɗaukar nauyin sabunta shi. Aramiyanci ya sake shi, Girkanci ya sake shi, Gi'iz ya riƙe. Ya nuna kuma cewa mai fassara amana yake ɗauke da ita, domin bai san ranar da aikinsa zai zama shi kaɗai ne ya saura ba. Haɗarin kuwa bai wuce ba. Daga 1973 aka shiga ɗaukar hoton dubban littattafan majami'un Habasha, waɗansu kuma daga cikinsu yanzu hoton kaɗai ya rage. A yaƙin Tigray na 2020 zuwa 2022 ma an ba da rahoton ɓarna da sace-sace a tsofaffin gidajen ibada.

Mu ma muna da rabonmu a wannan darasi. Nana Asma'u da ƙanenta Isa sun mayar da waɗansu waƙoƙin mahaifinsu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, daga Fillanci zuwa Hausa, shi ya sa suka shiga gidajen da Fillanci bai shiga ba. Littattafanmu na Larabci da ajami, waɗansu suna Gidan Arewa a Kaduna da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, amma masu yawa suna cikin adaka da gafaka a gidajen magada, inda gara ba ta tambayar sunan mawallafi. Ku ɗalibai, ku koyi karatun ajami da Larabci da kyau, ku fassara, ku rubuta sunan littafin da kuka ɗauko daga ciki da inda kuka same shi. Ku kuma ma'aikatan gwamnati, a hannunku kasafin ɗakunan adana takardu yake, ku ne kuke sa hannu a kan kuɗin kabad da maganin gara da albashin mai ɗaukar hoto. Ruhubanawan Tafkin Tana da fatar akuya da kunkunniya suka yi nasu aikin, kayan aikin da ke hannunmu kuwa sun fi nasu nesa ba kusa ba.